Allurar da Ba Ta da Kafa

Shekara arba'in da biyu ina huda yadi,
A zaurenmu na Alfadarai, kan buzun tunkiya.
Aska takwas na ɗinka ta fi sau ɗari,
Tambari na kewaye shi da zaren tsamiya.
Allura ce ta ci da ni, ta aurar da 'ya'yana,
Ita ce kuma ta lanƙwasa mini ƙashin baya.

Ciwon ya faro daga ƙugu kamar wasa,
Ya gangara cinya, ya sauka diddige.
Ruku'u ya gagara, sujada sai a zaune,
Dare ya yi, barci ya ce mu haɗu gobe.

Na'iya wanzami ya kafa mini ƙaho bakwai,
Ya zuƙe baƙin jini, ya ce an gama.
Na sha saƙe-saƙi har harshena ya mutu,
Na bi layi a Shika tun kiran assalatu,
Aka ba ni ƙwaya fara da ja a leda.
Ciwon ya je yawon kwana uku, ya dawo gida.

Sai jikata Hansatu ta ce, "Kaka,
Akwai wata likita a Tudun Wada,
'Yar gidan Barau mai gyaran agogo,
Shekara shida ta yi a ƙasar Sin tana koyo.
Da allura take magani."
Na ce, "Wane ruwa take ɗurawa?"
Ta ce, "Ba ruwa, ba zare, allurar ce kawai."
Na yi dariya har ƙugun ya tuna mini da kansa.
Allura ba zare? Ai wannan ɓata yadi ne.

Muka bi ta Ƙofar Doka a keke mai ƙafa uku,
Kowane rami sai na ambaci Allah.
Ɗakinta ba hayaƙi, ba kwalaben jiƙo,
Sai hoton mutum a bango, ko wando babu,
An ja masa layuka daga ka har tafin ƙafa,
Ɗigo-ɗigo, kamar zanen riga kafin ɗinki.

Ta riƙe wuyan hannuna da yatsa uku, ta yi shiru,
Ta sa na zaro harshe kamar yaro mai tsiwa.
Ta ce mutanen Sin sun ce jiki rafuka ne,
Ƙarfi na gudu a ciki kamar Kubanni da damina,
In shara ta tare hanya, ruwa ya kwanta ya ruɓe.
Na ce, "To, Allah dai ke warkarwa."
Ta ce, "Shi ne, Baba. Kwanta rubda ciki."

Ta ɓare su daga takarda, sirara kamar gashin masara.
Na runtse ido ina jiran zafi, zafi bai zo ba,
Sauron Galma ma ya fi su faɗa.
Ciwo a ƙugu, sai na ji ta a bayan gwiwa.
Na ce, "Yarinya, kin saki hanya."
Ta ce, "In riga ta tattare a wuya,
A wuyan kake jan zaren?"
Ban amsa ba. Wa ya gaya mata sirrin sana'a?

Goma sha huɗu na ƙirga, sai lissafi ya kwance.
Wani nauyi mai ɗumi ya bi ta cinya.
Ni da na kwana arba'in ban runtsa ba,
Hansatu ta ce har minshari na yi.

Ban ce na warke ba, kada a yi mini ƙarya.
Ran sanyi ƙugun yakan zo gaisuwa.
Amma zuwa na shida, ranar Juma'a,
Goshina ya taɓa ƙasa, na daɗe ban ɗago ba.

Na roƙe ta ɗaya in gani, na ɗaga ta a hasken taga,
Na duba sama da ƙasa, ba kafar zare.
Yau na koma kan buzuna, na tsinci tawa allurar,
Na shimfiɗa shadda a gwiwa, zan soka,
Sai na ji bakina ya ce mata, "Sannu."